Gicciyen Agadas: Daga Ina Ya Fito?



Akwai wani abin wuya na azurfa wanda kowa ya sani a ƙasarmu Nijar. Daga sama yana da zobe, inda ake zura zare. Daga ƙasa yana da hannu biyu da ƙafa guda, kowane da ɗan ƙullutu a bakinsa. Matan Buzaye suna rataya shi. Bororo ma suna rataya shi, maza da mata. Hausawa da yawa sun gaje shi wurin kakanninsu mata. Gidan waya ya sha buga hotonsa a kan tambur. Baƙon da ya zo Nijar, da wuya ya koma gida bai sayi ko guda ba.

Turawa ne suka sa masa suna gicciyen Agadas. Wannan suna ya jawo magana. A wasu ƙauyuka ana gaya ma mata cewa alamar Nasara ce, musulma ba ta sa ta. Sai mace ta tsorata. Ta kwance abin da ta gada, ta kai kasuwa, ta sayar a wulaƙance. Wanda ya saya ya narke shi. Abin da ya shekara ɗari a gida guda ya ɓace cikin yini guda.

To, gaskiya ne alamar Nasara ce? In ba haka ba ne, daga ina ta fito? Matambayi ba ya ɓata. Don haka na bi wurare uku na nan kusa da mu: Sabon Gari ta Maraɗi, da Tsibirin Gobir, da Jiratawa. Kowane wuri da amsar da ya ba ni. Ga abin da na samo, haɗe da abin da masana tarihi suka rubuta.

SABON GARI, WURIN MAƘERA

Yara da yawa ba su san tsohuwar Maraɗi cikin fadama take ba, a bakin gulbi. Can Sarkin Katsina Ɗan Kasawa ya zauna wajen shekarar 1819, bayan mutanen jihadi sun ci birnin Katsina a 1807. A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya, ya rushe garin. Sai Turawan mulki suka mai da mutane kan tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu. Sabon Gari ta girma a nan kan tudu, tare da kasuwa da cinikin gyaɗa. Unguwa ce ta kowa da kowa. Ga Katsinawa, ga Gobirawa, ga Buzaye, ga Zabarmawa, ga Yarbawa. Ran Litinin da ran Jumma'a kasuwa ke cika, mutanen karkara su shigo da amalanke da jakai.

Maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran baƙi, masu yi muna hauya da lauje da gatari. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Wani tsohon maƙerin fari na iske cikin rumfarsa, yaronsa na zuga. Muka gaisa. Na ce, "Baba, so nake ka nuna mini yadda ake yin wannan abu."

Ya ce, "Zauna, Malam. Gani ya kori ji."

Ga yadda aikin yake. Da fari ya ɗauki kakin zuma ya gasa shi ya yi taushi. Ya siffanta abin wuyan da kakin, daidai girman da yake so. Sai ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar ƴar kafa guda. Da yumɓun ya bushe, ya sa shi a wuta. Kakin ya narke ya fita ta kafar nan, ya bar gurbinsa a ciki. Sai ya narka azurfa ya zuba cikin gurbin. Da ta huce ya fasa yumɓun. Abin ya fito baƙi, da kaushi. Daga nan sai magagari, sai zane da ɗan ƙaramin ƙarfe mai tsini, sai goga har ya yi ƙyalli. Tun da ana fasa yumɓun kowane zubi, ba a samun guda biyu da suka zama daidai ƙwarai.

Na tambaye shi inda mutanen dā suke samun azurfa. Ya ce kuɗi suke narkewa. Gaskiyarsa. Fatake sun daɗe suna kawo manyan kuɗin azurfa daga arewa. Wanda ya fi shahara yana da hoton wata sarauniyar Turai, Mariya Tereza, da shekarar 1780 a jikinsa. Nauyinsa kamar giram 28 ne. Sunan dala da muke ƙirga kuɗi da shi, daga irin waɗannan kuɗin azurfa ya samo asali.

Na ce, "Baba, ku mi kuke ce masa?"

Ya yi dariya ya ce, "Tambayi Buzu ga shi nan zaune, ya zo shan shayin banza."

Kun san maƙeri da Buzu abokan wasa ne. Buzun ya gyara rawani ya ce, "Kar ka ji ta bakin wannan mai gawayi. Mu tanagilt muke ce masa."

Wannan kalma ba ta nufin gicciye. Tushenta yana wajen zubi ne, wato abin da aka narka aka zuba. Masu shi da aikinsa suka kira shi. Baƙi ne suka dube shi suka ga ya yi kama da gicciyensu, suka sa masa wannan suna.

Kuma ba iri guda ba ne. A gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959, maƙera suna jera iri 21 a kan allo guda. Kowane an ba shi sunan wani gari ko wata dangi. Akwai na Agadas, na Ingal, na Iferwan, na Timiya, na Bilma, na Tawa, na Madawa, na Damagaram. In ka dube su da kyau, yawancinsu ba su ma yi kama da gicciye ba. Wani kamar zobe ne mai tsini. Wani kamar kan mashi.

ALAMAR DA KE KAN DUWATSUN BAKIN HANYA

Buzun nan tsohon ɗan ayari ne. Ya sha zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino. Ya sha cin rani da raƙumansa a gonakin ƙasar Maraɗi, raƙuma na cin kara suna bar ma mai gona taki. Ya ce mini, "Malam, kai azurfa kake dubawa. Ni a kan dutse na fara ganin alamar nan, tun ina yaro ina jan akala."

A duwatsun Abzin, a bakin hanyoyin ayari da kusa da rijiyoyi, akwai zane mai yawa da aka sassaƙa cikin dutse. Akwai shanu, da jiminai, da mutane riƙe da mashi. A wani wuri da ake kira Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai raƙumin dawa da aka zana a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita 5. An yi shi tun shekaru dubbai, lokacin da hamada take da ruwa da ciyawa. A kan duwatsu da yawa kuma akwai rubutu. Cikin rubutun nan, kana ta ganin layi biyu da suka gicce juna, kamar alamar ƙari da muke yi a ajin lissafi.

Matafiyin da bai iya karatun ba yana iya cewa gicciye ne aka dasa a bakin hanya. Amma baƙi ne na rubutu. Buzaye suna da rubutunsu na gado, sunansa tifinag. A cikinsa, kewaye shi ne R. Kewaye mai ɗigo a tsakiya shi ne S. Layi biyu giccen juna shi ne T. A harshen Buzaye kuwa, sunan abu mace da T yake farawa, sau da yawa kuma da T yake ƙarewa. Ku duba kalmar tanagilt kanta: T a farko, T a ƙarshe. Don haka in makiyayi ya zauna gindin dutse ya rubuta sunan wadda yake so, dole alamar nan ta fito. Yawancin rubutun da ake iya karantawa gajere ne: ni ne wane, ina gai da wance.

Wannan darasi ne gare mu masu koyon karatu. Alama guda, ma'ana da yawa. A ajinmu tana cewa a haɗa. A dutsen Abzin tana cewa T. A jikin motar likita tana cewa taimako. A kan coci tana nufin addinin Kirista. Sai ka san wanda ya yi ta, da wurin da ya yi ta, kafin ka faɗi abin da take nufi.

Buzun ya ƙara nuna mini abu biyu. Ya zare takobinsa kaɗan, na ga kan takobin giccen ne. Ya ce in tuna da sirdin raƙumi irin na Agadas, mai yatsu uku a gaba. Shi ma haka. Ya ce, "Da wannan sirdi kakana ya tafi Makka. Wa zai ce masa Nasara?"

TSIBIRI, WURIN GOBIRAWA

Daga Maraɗi zuwa Tsibiri ba nisa, kan hanyar Yamai. Ran Laraba kasuwarta ke ci. Na tafi can ne don Gobirawa suna da dangantaka ta gaske da ƙasar Agadas.

Kakannin Gobirawa a Abzin suka zauna. Da Buzaye suka yi ƙarfi a can, sai suka yi ta gangarowa kudu. Suka zauna Birnin Lalle, wajen Dakoro. Daga baya suka kafa Alkalawa a ƙasar Zamfara. A 1808 mutanen jihadi suka ci Alkalawa, Sarkin Gobir Yunfa ya rasu a yaƙin. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasu. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Gobirawa da Katsinawa suka zama maƙwabta har yau.

A inuwar wani zaure kusa da fada na iske dattawa. Na durƙusa na gaishe su. Na tambayi wanda ya fi su shekaru asalin Gobirawa. Ya ce, "Yaro, mu daga gabas munka fito. Daga Masar munka biyo, munka zamna Abzin. Haka iyayenmu sunka gaya muna."

Wannan magana ba tasa ba ce shi kaɗai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usumanu, ya rubuta littafin Infaƙul Maisuri a 1812. A ciki ya kawo labarin cewa asalin Gobirawa daga Kibɗawan Masar ne. Kibɗawa kuwa suna nan a Masar har yanzu, Kirista ne, suna yin zanen gicciye a wuyan hannu. Da Turawa suka karanta wannan, sai wasunsu suka ce shi ke nan, an gano. Gobirawa ne suka kawo gicciye daga Masar zuwa Abzin, Buzaye suka gada.

Maganar tana da daɗin ji. Amma mu auna ta. Na ɗaya, kusan kowace sarauta a ƙasashen nan tana cewa daga gabas ta fito. Daurawa suna cewa Bayajida daga Bagadaza ya zo. Sarakunan Barno na dā suna cewa Yaman. Wannan irin labari yana nuna daraja, ba shi ne shaida a kan abin wuya ba. Na biyu, a littattafan Larabci, Kibɗawa suna ne na mutanen Masar na asali, har da na zamanin Fir'auna. Ba lalle ne wanda aka kira Bakibɗe ya zama Kirista ba. Na uku, dattawan nan sun lissafa mini kayan sarauta da bukukuwan gado, ba wanda ya ambaci coci ko fada a Birnin Lalle ko Alkalawa.

Akwai wani labari kuma da mutane kaɗan suka sani. Wajen shekarar 1700, labari ya kai Tarabulus, a bakin bahar, cewa can kudu da Barno, a ƙasar Kwararrafa, akwai mutane masu rataya gicciye. Sai aka aiko fada biyu na ɗarikar Katolika su nemo su. Sunan ɗaya Karlo, ɗaya kuwa Seberino. Suka tashi a 1710, suka ratsa hamada tare da ayari, suka sauka Agadas. Daga nan suka biyo kudu zuwa Katsina. A can ciwo ya kama su, suka rasu a watan Agusta na 1711. Ba su kai inda suka nufa ba. Kun ga ke nan, tun shekara 300 da suka wuce alamar nan take ruɗa baƙi, har ta sa mutum biyu suka bar ƙasarsu ba su koma ba.

Ƴan mishan da muka sani kuwa baya-bayan nan suka zo. Mishan ta SIM ta zauna Tsibiri a 1927. Ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja a 1956. Amma tun a 1864 wani matafiyi Bafaranshe, Anri Dubeyriye, ya rubuta cewa ya ga wannan alama a takubba da garkuwoyi da sirada da rubutun Buzayen arewa. Wato shekara 63 kafin mishan ta zo Tsibiri. Duk wanda ya ce ƴan mishan ne suka kawo ta, lissafi bai goyi bayansa ba.

Mu kuma tuna wace irin gari ce Agadas. Gari ne na malamai. Hasumiyar babban masallacinta an gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, tsawonta mita 27. Shehu Usumanu kansa, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya je Agadas neman ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. A cikin wannan gari ne maƙera suke zuba tanagilt, musulmi na yi, musulmi na saye.

JIRATAWA, WURIN MANOMA

Jiratawa tana kudu da Maraɗi, a bakin gulbi. Tun farkon shekarun 1980 aka yi mata gandun noman rani, da rijiyoyin burtsatse da magudanan siminti. Ko da bazara, in ka zo sai ka ga kore: tattasai, tumatir, albasa, zogale. Amma ba kayan lambu na je nema ba. Ƙasar nan ta gulbi tsohuwar mazaunar Anna ce, masu al'adun noma na gado, tun kafin sarakunan Katsina su zo.

Wata tsohuwa na tarar tana tsinkar zogale a ƙofar gida. Na nuna mata tanagilt ƙarami da na saya a Sabon Gari. Na ce, "Inna, kin san wannan?"

Ta karɓa ta jujjuya shi. Ta ce, "Uwata ta yi irinsa, da wani jan dutse a zare guda. Ɗana, wannan ai duniya ce." Sai ta sa yatsa ta ja layi biyu a ƙasa. Ta ce, "Ga gabas, ga yamma, ga gusum, ga arewa. Ga ka nan tsakiya."

Ta ba ni labarin yadda mutanen dā suke yi. In za a kafa gari, sai a binne kafi a kusurwa huɗu da tsakiya, don tsari. In za a kafa kasuwa, haka. Mai babbar gona ma yakan bi kusurwoyinta huɗu da tsakiyarta kafin shuka. Mararraba, inda hanya biyu suka gicce, wuri ne da ake jin nauyinsa. Wa bai taɓa ganin ƙwarya ko kasko da aka ajiye a mararraba ba?

Wani masani Bafaranshe, Gi Nikola, ya daɗe yana bincike a ƙauyukan gulbin nan. A 1966 ya buga bayani a kan wannan abu. Ya nuna cewa Hausawan Maraɗi suna tsara gona da gida da kasuwa da gari a kan fuska huɗu da tsakiya. Ba daga coci suka koyo ba. Daga fitowar rana da faɗuwarta suka koyo.

Buzaye ma suna da irin wannan bayani. Ana cewa uba yakan ba ɗansa tanagilt in ya isa tafiya, ya ce ya ba shi kusurwoyin duniya huɗu, don ba wanda ya san inda zai cika. Ana yawan faɗin wannan ga masu saye. Amma a rugage da zangon Buzaye mata ne suka fi rataya shi, suna gadar ma ɗiyansu mata.

Jan dutsen da tsohuwar ta ambata shi ma yana da labari. Shi ne talhatina, dutse mai zobe a sama da tsini a ƙasa. Na farko a ƙasar Indiya ake sassaƙa su, a wani gari mai suna Kambay. Alhazai da fatake ke kawo su ta hanyar Makka da Masar. Daga baya, a ƙarni na 19, mutanen Jamus suka riƙa yin irinsu suna aikowa, har aka yi na gilashi. Irin na Ingal, azurfa ce aka yi ma jan dutsen nan gida. Don haka wasu masana suna ganin tanagilt ɗan talhatina ne: maƙeri ya ga siffar a dutse, ya zuba ta da azurfa, ya ƙara mata hannuwa.

ABIN DA MASANA SUKA CE

In muka tara, amsoshin sun kai biyar. Wasu sun ce saura ne na addinin Kirista, don arewacin Afirka ya yi Kiristanci kafin zuwan Musulunci. Wasu sun ce ta yi kama da alamar rai ta mutanen Masar na zamanin Fir'auna, mai zobe a sama da gicci a ƙasa. Wasu sun ce kusurwoyin duniya huɗu ne. Wasu sun ce siffar namiji da mace ce aka haɗa, don fatan haihuwa. Wasu sun ce daga talhatina ta fito. A 1954 wani masanin tarihi da ke aiki a Dakar, Remon Moni, ya duba maganganun da aka yi, ya kira abin kacici-kacicin da ba a warware ba. Har yau masana ba su tsaya kan amsa guda ba.

Amma akwai abu uku da suka tabbata. Sunan gicciye baƙi ne suka sa, masu shi tanagilt suke cewa. Masu ƙera shi da masu rataya shi musulmi ne tun kaka da kakanni. Kuma siffar nan tana cikin rubutun Buzaye da tsarin gonar Bahaushe tun kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar nan.

MI YA KAMATA MU YI?

Na farko, kar ku yi gaggawar sayar da azurfar gado. In tilas ta kama, ku sa a auna a gabanku, a gaya muku giram nawa ne, ku tambayi maƙeri biyu ko uku. Yanzu da kuka iya lamba, ku duba ma'auni da idonku. Yawancin na kasuwa na yau gauraye ne da wani farin ƙarfe. Tsohuwar azurfa ta fi su daraja nesa. Dā ita ce asusun mace, ita take ceton gida a shekarar yunwa. Wanda ya tsorata ku don ku sayar da arha, ku duba ko ba shi ne mai saye ba.

Na biyu, hukuncin addini na malamai ne, ba na jarida ba. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta je ga malamin da ya san littafi, ta gaya masa sunan abin na gaskiya da tarihinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na uku, mu tuna da maƙera. Dā masu yawon buɗe ido suna zuwa Agadas da yawa, su ne manyan masu saye. Tawayen shekarun 1990, da na 2007 zuwa 2009, da sace Turawa da aka yi a Arlit a 2010, sun kore su. Maƙera da yawa sun gangaro Maraɗi da Yamai da Kano neman abinci. In mu ma muka ƙyamaci aikinsu, sana'ar za ta mutu, yaransu su bar zuga.

Na huɗu, makiyayan da ke hawa arewa da damina, in kun ga dutse mai zane, kar ku fasa shi, kar ku kankare shi. Wanda ya rubuta ya daɗe da rasuwa. Abin da ya bari ke nan.

Na biyar, mu kiyayi fushi a kan alama. Mun ga abin da ya faru a watan Janairu na 2015, da aka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. Mun ga wanda aka ƙone a unguwar Zariya ta Maraɗi a watan Yuni na 2019. Kiristan Tsibiri da na Danja da na Sabon Gari ƴan ƙasa ne. Rijiya guda muke sha, kasuwa guda muke ci. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ga aiki kuma ga ɗaliban yaƙi da jahilci. Kowa ya je wurin kakarsa ko gwaggonsa. Ya tambaye ta ko tana da tsohon abin wuya, mi take ce masa, wa ya ba ta, daga wane gari ya zo. Ya zana siffarsa a littafinsa, ya rubuta amsar a ƙasa. Ku ba malaminku ya aiko ma jarida, za mu buga. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da aka rubuta shi ke zama.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye muna bisashe, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.